Kafin Ka Zargi Keken Ɗinki, Duba Zarenka

Ba abin da ke ɓata wa tela rai irin ya juya yadi ya tarar zare ya cukurkuɗe a ƙasa, musamman ana saura kwana biyu Sallah, ga masu kaya sun cika benci. Abin da mai koyo ke fara yi shi ne ya ɗauki sukuddireba ya nufi gidan bobin, tunda a ƙasa ya ga ɓarna. To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Galibi idan zare ya taru a ƙasan yadi, laifin na zaren sama ne.

Dalili kuwa yana cikin yadda keken ke aiki. Tun daga wanda Elias Howe ya yi wa rajista a Amurka a 1846, da na Isaac Singer na 1851, har zuwa Butterfly ɗin da ke shagunanmu a yau, zare biyu ne ke yin ɗinki. Allura ta sauka da na sama, ƙugiya a ƙasa ta cafke shi ta zagaya da shi bayan bobin, sannan ƙarfen nan mai hawa da sauka ya ja shi ya ɗaure. Ƙullin da zaren biyu suka yi, a tsakiyar kaurin yadi ake so ya kwanta, kada a gan shi ta sama, kada a gan shi ta ƙasa. Tamkar jan igiya ne tsakanin yara biyu, wanda ya fi ƙarfi shi ke janyo ƙullin ɓangarensa.

Saboda haka sa zare ba abin gaggawa ba ne. Da farko a ɗaga ƙafar da ke danne yadi. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi komai muhimmanci, domin ɗaga ƙafar ne ke buɗe fayafayan nan biyu na tenshan, masu matse zaren sama. Idan ƙafa na ƙasa, fayafayan a matse suke, zare zai bi ta gefensu ne kawai bai shiga ciki ba, ko an murɗa tenshan har ƙarshe ba abin da zai riƙe. Sannan a juya wili zuwa wajen mai ɗinki har ƙarfen jan zare ya kai ƙololuwa. Daga nan zare ya bi hanyarsa: maƙalin farko, tsakanin fayafayai, ƙarƙashin ɗan sifirin ɗin waya, hujin ƙarfen jan zare, sauran maƙalai, sai allura. Tsallake guda ɗaya ya isa ya ɓata aiki.

Ita ma allura tana da gaba da baya. Shafa ta da farce za ka ji dogon kwarmi a gefe guda. Ta wannan gefen zare ke shiga. Allurar da aka ɗaura a juye, ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, tsallake ɗinki za ta riƙa yi tana tsinka zare. Lamba 14 ta wadatar ga atamfa da shadda marar kauri, jins kuwa sai 16 ko 18.

Bayan an janyo zaren bobin sama, an tura duka biyun baya, sai gwaji. A samu ƙyallen yadin da za a ɗinka, a ninka shi biyu, a sa zare kala daban a sama da ƙasa, misali ja da fari. Nan take gaskiya ke fitowa. Idan ɗigon zaren ƙasa na leƙowa ta sama, ko yadi na tattarewa, tenshan ya yi tsauri, a sassauta zuwa hagu. Idan na sama ne ke fitowa ta ƙasa yana lilo, a ɗaure zuwa dama. Kekunan da ke da lamba daga 0 zuwa 9, wajen 4 ake farawa. A murɗa kaɗan, a ɗinka layi, a duba, a sake.

Shi kuwa ɗan sukurun gidan bobin, a bar shi sai an rasa yadda za a yi. Ƙanƙane ne, idan ya faɗi cikin tarkacen ƙyallaye sai dai haƙuri. Akwai gwajin da tsofaffin teloli ke yi: a riƙe zaren, gidan bobin na rataye, a ɗan girgiza hannu. In ya zame kaɗan ya tsaya, lafiyarsa ƙalau. In ya sulale har ƙasa ya yi sako-sako, in ya ƙi motsi sam ya yi tsauri. Ko da za a taɓa shi, kada a wuce kwatan zagaye.

Akwai kuma ƙurar hunturu da burbushin yadi, waɗanda kan maƙale tsakanin fayafayan har su hana su haɗuwa. Tsaftataccen ƙyalle da aka zura ciki, ƙafa na sama, ya isa magani. Zaren araha mai kauri nan siriri can, wannan kam babu saitin da zai gyara shi.

Don haka idan keke ya fara cin zare, kada ka taɓa kowane sukuru tukuna. Ɗaga ƙafa, zare zaren gaba ɗaya, ka sake sawa tun daga farko. In ya ƙi bayan haka, an canza allura, an share ƙura, sannan a kira mai gyara.