Yadda Sinawa Suke Maganin Maruru da Itatuwa

Maruru ciwo ne da mutane suke rainawa, amma masu maganin ƙasar Sin ba su taɓa raina shi ba. A wurinsu zafi ne da dafi suka taru a ƙarƙashin fata. Likitocin zamani kuwa sun gano cewa wata ƙwayar cuta ce, mai suna Staphylococcus aureus, take shiga ta gindin gashi, sa'an nan wurin ya kumbura ya tara mugunya.

A shekarar 1617 wani likita mai suna Chen Shigong ya fitar da littafinsa a kan cututtukan bayan jiki, watau Waike Zhengzong. A ciki ya bayyana wani garin magani rawaya da ake kira Jinhuang San, wanda har yau ana sayar da shi a kantunan magani na ƙasar. Cikin kayan haɗinsa akwai kurkum da ɓawon itacen huangbai. Akan kwaɓa garin da ruwan shayi ko zuma, a shafa a kan kumburin tun bai nuna ba. Na sha kuma shi ne Wuwei Xiaodu Yin, dafaffen ruwan tsirrai biyar, wanda ya fito a kundin likitanci na fadar Sarki Qianlong a 1742.

Masana sun gwada waɗannan itatuwa. Sun tarar sinadarin berberin da ke cikin huangbai yana hana ƙwayar cutar yaɗuwa a ɗakin gwaji. To, amma kwanon gwaji daban, jikin mutum daban, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan majinyata ba su kai ƙarfin waɗanda aka yi wa penisilin da danginsa ba.

Abin lura shi ne Chen Shigong da kansa bai dogara ga shafe-shafe kaɗai ba. Idan mugunya ta taru, wuƙa yake sawa ya tsaga, kamar yadda likitan asibiti yake yi a yau. Tsofaffin littattafansu sun kuma tsananta gargaɗi a kan matse ƙurjin da ya fito a leɓen sama ko gefen hanci, domin dafin yakan bi jini, mutum ya kama zazzaɓi ya fita hayyacinsa. Shi ya sa a asibitocin Sin na yanzu, mai irin wannan ƙurji, ko mai ciwon sukari, ko wanda jan kumburinsa yake ta faɗi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ake fara ba shi.