Kwafin ajiya na iya cinye kansa: saitin da ofisoshi da yawa ba sa dubawa

Tsakanin 14 da 16 ga Disamban 2021, Jami'ar Kyoto da ke Japan ta yi asarar bayanan bincike da suka kai terabait 77, wato fayil kusan miliyan 34 na rukunonin masu bincike 14. Ba gobara ba ce, ba kuma ƴan kutse ba. Tsarin da aka kafa don adana bayanan ne ya goge su. An umarce shi ya riƙa share bayanan aikinsa da suka wuce kwana 10, sai aka sabunta umarnin yana cikin aiki, ya rikice ya afka wa fayilolin masu bincike. Kamfanin HPE da ya kafa tsarin ya ɗauki alhakin abin da ya faru.

Lamarin ya shafi duk ma'aikatar da ke tara bayananta a faifan ajiya ta hanyar sadarwar cikin gida, ko asusun ajiya da lamuni ne a Maraɗi, ko kantin magani a Damagaram, ko ofishin magajin gari a Tawa. Sayen faifai da kunna manhaja rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin saiti biyu: tsawon lokacin da kwafi zai zauna, da abin da na'ura za ta yi idan faifai ya cika.

Wa'adin ajiya da rubutawa a kan tsoho

Faifai kamar rumbu yake, yana da iyaka. Shi ya sa manhajoji irin su Veeam da Backup Exec ke bai wa kowane kwafi wa'adi. Kafin wa'adin ya cika, ba a taɓa shi. Da ya cika, manhajar na da damar goge shi ko ta ɗora sabo a gurbinsa.

Idan wa'adin ya yi tsawo, faifai ya cika, sabon kwafi ya daina shiga, kuma ana iya shafe makonni ba wanda ya lura idan ba a karanta saƙonnin gargaɗi. Idan kuma ya yi gajarta, kwafi mai kyau zai tafi kafin a gane ana bukatarsa. A ce fayil ɗin albashi ya lalace ranar 2 ga wata, ba a buɗe shi ba sai ranar 28. In wa'adin kwana 14 ne, duk kwafin da ya rage na lalataccen ne.

Lissafin ba shi da wuya. Ofishin da ke da bayanai gigabait 500, yana ɗaukar cikakken kwafi sau ɗaya a mako, da ƙarin gigabait 20 a kowace rana ta sauran kwana shida, yana cin gigabait 620 a mako. Faifai mai terabait 4 zai ɗauki mako shida ne kawai. Wanda ya saita wata shida a kan irin wannan faifan ya yi alkawarin da faifan ba zai cika ba.

Akwai kuma tarkon sarƙa. Ƙananan kwafin kullum, waɗanda ke ɗaukar abin da ya canza kaɗai, sun dogara ne da cikakken kwafin da ya gabace su. Ma'aikacin da ya shiga ya goge babban fayil da hannu don samun wuri, ya kashe duk ƙananan da ke bayansa. Sharewa aikin manhajar ne, ita ta san wane ya rataya a kan wane.

Abin da doka ta ce

Ba mai gyaran kwamfuta kaɗai zai yanke wa'adi ba. Dokar lissafin kuɗi ta OHADA, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da ke aiki da ita, ta wajabta ajiye littattafan lissafi da takardun shaidarsu shekara 10. A ɗaya gefen, dokar kare bayanan jama'a, da hukumar HAPDP ke sa ido a kanta, ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu ba. Ke nan wa'adi ɗaya ba zai dace da komai ba.

Tsarin da masana suka daɗe suna bi shi ne na kaka, uba da ɗa: kwafin kullum ya zauna mako ɗaya ko biyu, na mako ya kai wata, na wata ya kai shekara, na ƙarshen shekara kuma a ware shi inda ba a rubutu a kansa.

Kwafin da ba ya kan layi

A Yunin 2017, ƙwayar cutar kwamfuta ta NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito, manyan na'urorin da ke riƙe da rajistar shiga tsarin kamfanin suna kwafar juna, don haka suka tafi tare. Guda ɗaya ta tsira a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta ta sauka daga layi. Da ita aka sake tayar da tsarin.

Sa'a ce ta cece su, amma ofis ba ya dogara da sa'a. Ƙa'idar 3-2-1 ta ce a riƙe kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini dabam. Faifan da kullum yake jone yana iya tafiya tare da sauran, ko ta hanyar cuta ko ta hawa da saukar wutar lantarki.

Shugaban ma'aikata ba ya bukatar zama gwanin kwamfuta kafin ya yi wa mai kula da na'urorinsa tambaya uku: kwafi mafi daɗewa da ake da shi na wace rana ne, me ke faruwa idan faifai ya cika, kuma yaushe rabon da a gwada dawo da fayil a ga ya buɗe?