Tsakanin Majanyi da Taya Huɗu

A biranen Ingila akwai laifin da ba ya cikin kundin doka, amma iyaye mata sun san hukuncinsa: a ga yaro ɗan shekara uku ko huɗu zaune cikin keken da ake tura yara, ƙafafunsa na neman jan ƙasa. Ba kasafai ake tare uwar a faɗa mata gatsal ba. Kallo ne da ɗan taɓe baki, ko kuma wata dattijuwa ta sunkuya da fara'a ta tambayi yaron me ya sami ƙafafunsa. Uwar ta san ba da shi ake ba. Abin da ake nufi shi ne yaron malalaci ne, ita kuma ta fi shi.

Bahaushiya ba za ta ji wannan a matsayin baƙon abu ba. Duk wadda ta taɓa shiga gidan suna da ɗan shekara uku a baya ta san abin da ke jiran ta: "Ke, wannan ƙaton ne kika goyo? Sauke shi mana, kin sangarta shi." Wata kuma ta juya kan yaron: "Kai ba ka jin kunya, ga ƙafarka har gwiwar Mama?" Majanyi da keke ba su haɗa komai ba a siffa, amma zargi ɗaya ake yi wa masu amfani da su, don haka ya dace a jera su a ga inda kowanne ya fi, da inda masu zargin suke da gaskiya.

Keken ya fara ne a matsayin kayan ƙawa na gidan sarauta. A 1733 William Kent ya ƙera wa iyalan Duke na Devonshire wata 'yar karusa ta yara wadda akuya ko ɗan ƙaramin doki zai ja. Kekunan da suka biyo baya manya ne masu nauyi, na masu hali da 'yan raino. Wanda ya rage wa keken nauyi shi ne Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama, wanda a 1965 ya nemi rajistar wani keke na alminiyam da ke naɗewa a rataya a hannu, nauyinsa wajen kilo uku, ya shiga kasuwa a 1967. Wurin zama ne ga yaron da ya riga ya iya zama, ba gadon jariri ba. Wato tun asali an yi shi ne domin yaron da ake cewa yanzu ya fi ƙarfinsa. Wani abin sha'awa, a waɗancan shekarun ne goyo ya yi tasa tafiyar, daga Afirka zuwa ƙasar Turawa. Wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, Ann Moore, ta yi aikin sa-kai a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata ke goyo, ta koma gida ita da mahaifiyarta suka ɗinka abin ɗaukar jariri mai suna Snugli, aka yi masa rajista a 1969. Turawa sun karɓi goyonmu, mu kuwa ba mu karɓi kekensu ba sai ɗaiɗaiku, kuma dalilin ba ƙin ci gaba ba ne. Keke yana buƙatar shimfiɗaɗɗiyar hanyar masu tafiya a ƙafa. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, da cunkoson Kantin Kwari, da yashin unguwannin Damagaram, ya san inda taya huɗu za su kai shi. Balle a zo shiga adaidaita sahu da shi.

Ainihin maganar tana wurin nauyi. A ma'aunin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin ɗan shekara biyu yana kai wajen kilo 12, ɗan shekara uku kilo 14, ɗan shekara huɗu kilo 16. Kilo 16 jarkar ruwa ce mai lita 20 da ta kusa cika, sai dai ita jarka ba ta mutsu-mutsu, ba ta harbi da ƙafa. Saboda haka goyo yana da iyakar da ba sai an gindaya masa ba: bayan uwa ne zai ce ya isa. Ga kuma yaye wajen shekara biyu, a kai yaro gidan kaka ya manta da nono, kafin ya dawo sau da yawa wani cikin ya shiga, kuma ba da jimawa ba ƙani ya gaji majanyin. Mitar da mata ke yi a gidan suna tana tafiya ne a kan tsarin da ya riga ya sauke yaron da kansa.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne, Bahaushiya ba bayanta kaɗai take da shi ba. A gidan yawa yaro yana yawo daga hannun uwa zuwa na yaya, zuwa goggo, zuwa kaka, har abokiyar zama idan ana shiri. Idan uwa za ta unguwa, ba dole ba ne ta tafi da ɗan shekara uku. Ta bar shi a tsakar gida, ba wanda zai ce ta yi sakaci. Uwar da ke zaune a bene a Manchester ko Landan ba ta da wannan gatan. Kuɗin raino yana da tsada, maƙwabta sai gaisuwa, kaka tana wani gari. A can yara suna shiga makaranta a watan Satumban da ya biyo bayan cikarsu shekara huɗu, don haka mai 'ya'ya biyu sai ta kai babban ƙofar makaranta kafin ƙarfe tara, da ƙaramin a tare da ita, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, daga nan ta wuce kanti ko wurin aiki. Ɗan shekara uku yana iya tafiya, amma tafiyar tasa ce: ya tsaya kallon tantabara, ya tsinci ganye, ya zauna daɓas a ƙasa ya ce shi ya gaji. A ganina keken nan ba ƙafar yaro ya maye ba, hannuwan dangin da babu su ya maye.

Akwai kuma rashin adalcin da ya fi ba ni haushi a cikin lamarin. Dokar Birtaniya ta wajabta ɗaure yaro a kujerar mota ta yara har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Ɗan mai mota ana ɗaure shi daga ƙofar gida har ƙofar makaranta, bai taka ko taku hamsin ba, ba mai kallon uwarsa. 'Yar talakar da ta turo nata ta yi tafiyar mil guda a ƙafa ita ce ake gani, ita ce malalaciya. Gilashin mota yana rufa asiri.

Amma kada a ɗauka masu sukar ba su da abin riƙewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan motsa jikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa huɗu ya sami aƙalla minti 180 na motsi a rana, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere. Da ta zo ba da misali ga ƙananan, ta ambaci keke, ta ambaci kujerar cin abinci, ta kuma ambaci ɗaure yaro a bayan mai raino. Ke nan goyo ma bai tsira ba, kuma matar da ke wuni da ɗa a baya tana surfe ko tuyar ƙosai tana cikin waɗanda ake nufi. Jagorar ba ta yanke shekarar da za a daina hawa keke ba, awowi ta ƙirga. A nan ne keke yake da rauni na gaske. Ɗan shekara uku a unguwar Bahaushe yana cika mintinsa 180 tun kafin azahar ba tare da kowa ya ƙirga ba, tsakanin guje-guje a ƙofar gida da bin akuya da aiken sayo magi. Takwaransa na Landan, inda rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, zai iya tashi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa gaban talabijin. Keke ba ya gajiya, ba ya ciwon baya. Da yawa an ƙera su su ɗauki kilo 22, nauyin ɗan shekara shida ke nan, don haka babu ranar da shi da kansa zai ce a sauka. Idan aka haɗa da wayar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru, sabo yana iya zarce buƙata ba tare da uwa ta ankara ba.

Goyo ya fi keke a wani wurin kuma. Wani bincike da Suzanne Zeedyk ta Jami'ar Dundee ta yi a 2008 ya nuna cewa iyaye sun fi yi wa jarirai magana idan keken ya sa suna fuskantar juna, alhali mafi yawan kekuna baya yaro yake ba mai turawa. Ɗan goyo shi ma ba ya ganin fuskar uwa, amma yana jin muryarta a jikinsa, kansa yana kusa da tsayin manya, duk mai gaisawa da uwar sai ya leƙa ya tsokane shi. Sai dai wannan riba ta jarirai ce. Ɗan shekara uku bakinsa ya buɗe, ko ta ina aka juya shi zai yi surutu.

Inda bambancin ya fi zurfi shi ne yadda ido ke fassara abin da ya gani. A wurinmu idan aka ga ɗan shekara biyar a baya, tambayar farko ita ce, "Ba shi da lafiya ne?" sai a bi da "Sannu, Allah ya ba shi lafiya." Kowa ya san ba mai ɗaukar wannan nauyi don marmari. Keke kuwa da yake ba ya nuna wahala, sai ya ɓoye dalili. Yaro mai sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, kuma a Birtaniya ta fi yawa cikin 'yan asalin Afirka da Karibiyan, kan gaji da wuri, sanyi kuma na iya tayar masa da ciwo. Wani yana da ciwon zuciya, wani gaɓoɓinsa ba su da ƙwari, wani yana da lalurar ƙwaƙwalwa da ke sa ya fizge ya auka titi ba tare da tsoro ba. Duk a fuska lafiya lau suke. Abin ya kai a 2016 filin jirgin sama na Gatwick ya fito da wata igiyar ratayawa a wuya mai zanen fure domin masu lalurar da ba a gani, yanzu ta bazu a kantuna da tashoshi. Abin tausayi ne a ce sai uwa ta rataya wa ɗanta shaida kafin a daina harararta.

Matsalar ta fi fitowa a cikin bas. A 2012 wani mai amfani da keken guragu, Doug Paulley, ya kasa shiga motar da za ta kai shi Leeds saboda wata mata ta ƙi matsar da keken da ɗanta ke barci a ciki. Ƙarar da ya shigar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2017 ta ce bai isa direba ya roƙa sau ɗaya ya yi shiru ba, sai ya ƙara matsa wa wanda ya ƙi ba tare da hujja ba. Hukuncin daidai ne. Amma akwai kekunan yara masu lalura, wasu suna ɗaukar har kilo 50, da suka yi kama da na kowa, kuma uwar irin wannan yaron ita ma ana iya ce mata ta naɗe, a gaban jama'a, sai ta tsaya bayanin ciwon ɗanta ga baƙi.

Mu ma kada mu yi saurin yabon kanmu. Rashin keke yana da farashi, kuma mata ne ke biya. 'Yar shekara bakwai da ke tafe a karkace da ƙaninta a baya lokacin da ya kamata tana aji, ita ce kekenmu. Uwar yaron da ba ya iya tafiya tana goya shi har ya kai shekara takwas ko goma, ƙafafunsa na dukan ƙwaurinta, ranar da bayanta ya gaza kuma fitarsa ta ƙare. Maza kuwa, in ban da ɗora yaro a wuya zuwa masallacin Idi, sun bar wa mata harkar. Keke aƙalla ya sa uba da kaka namiji sun shiga aikin ba tare da jin nauyi ba.

Idan aka ce in zaɓa, ga ɗan ƙasa da shekara biyu goyo nake so, a ko'ina. Ga wanda ya haura haka, a garin da hanya take da nisa kuma take shimfiɗe, keke ya fi, muddin ana sauke shi ya taka inda babu sauri. Matan Afirka ta Yamma da ke zaune a Ingila ba su tsaya zaɓe ba. Za ka ga jariri a baya cikin zani, ɗan shekara uku a keke, kayan cefane a kwandon ƙasa, babban yana riƙe da gefe cikin kayan makaranta. Masu wucewa suna kallon na cikin keken, surukar uwar kuma idan ta kira ta bidiyo daga gida sai ta tambaya ko yaron ƙafa ce ke damun sa da ake tura shi.