Malamai Masu Yawo: Yadda Jihohi Shida Suka Taɓa Haɗa Kai Don Gyaran Firamare

Duk magidancin da ya daɗe a nan Kurmi, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Shagamu, ko unguwar Sabo ta Badun, ya san wannan al'amari. In bai same shi ba, to, ya sami maƙwabcinsa. Yaro yana aji huɗu a nan, sai kasuwa ta juya, ko kuwa kaka ta matsa a kai mata jikanta, a sa shi a mota a kai shi gida. Ran da aka kai shi makarantar garinsu hedimasta ya gwada shi, sai ka ji an ce ya fi ƙarfin ajin, ko kuwa a ce a mai da shi aji biyu. Haka nan in daga can aka kawo shi nan. A takarda manhaja ɗaya ce, gwamnati ɗaya ta amince da ita, amma abin da ke shiga kan yaro ya dogara ne ga hukumar ilmin da Allah ya jefa shi a hannunta.

Hukumomin nan kuwa suna da yawa. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, kowace da ofishin ilminta mai kula da makarantun firamare, sa'an nan a bisansu akwai hukumar ilmin bai-ɗaya ta jiha, watau SUBEB, wadda ta samo asali daga dokar 2004. Jihar Kano kaɗai tana da irin waɗannan ofisoshi 44, Ikko tana da 20. Galibinsu kowa tasa ta fisshe shi ake yi. Idan wani sakataren ilmi ya gano dabarar da yaran aji biyu za su iya karatu da wuri, da wuya labarin ya tsallake iyakar ƙaramar hukumarsa, balle ya tsallake Kwara.

Ba kullum haka abin yake ba. An taɓa yin wani zamani da hukumomin ilmi na jihohi daban-daban suka zauna a tabarma ɗaya saboda gyaran koyarwa, kuma ya kamata masu karatu su san labarin, musamman matasa waɗanda aka haifa a nan.

BAYAN AN RABA JIHAR AREWA

Ran 27 ga watan Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ƙasar nan jihohi 12. Tsohuwar Jihar Arewa ta koma shida: Arewa maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, Arewa ta Tsakiya a Kaduna, Kano, Arewa maso Gabas a Maiduguri, Binuwai da Filato a Jos, sai Kwara a Ilori. Kafin wannan lokaci ma'aikatar ilmi ɗaya ce a Kaduna, kuma En'e-En'e ne ke riƙe da makarantun firamare da yawa a ƙasashensu. To, ma'aikata guda da ba ta da isassun ƙwararru sai ga shi an raba ta gida shida, ana kuma cikin yaƙin basasa. Jihar Yamma kuwa tun 1955 Cif Obafemi Awolowo ya buɗe ilmin firamare kyauta, saboda haka ratar da ke tsakani ba ƙarama ba ce, kowa ma ya sani.

Abin da ya taimaka shi ne akwai kayan gado da ba su rabuwa. Aka kafa hukumar riƙon ƙwarya don kula da abubuwan da jihohin shida suka yi tarayya a kansu, cikinsu har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. A cikin jami'ar akwai Cibiyar Ilmi da aka kafa a 1965, aikinta shi ne haɗa jami'a da ma'aikatun ilmi da kwalejojin horon malamai. Ta wannan hanya kwalejin da ke Katsina da wadda ke Bauci da wadda ke Ilori suka ci gaba da kallon alƙibla ɗaya wajen manhaja da jarrabawar malamai masu Giredi Tu, ko da yake kowace tana ƙarƙashin gwamna daban.

Daga wannan cibiya ne, a farkon shekarun 1970, aka fito da shirin kyautata ilmin firamare da aka fi sani da PEIP, da taimakon hukumomin UNICEF da UNESCO na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tsarinsa ba mai wuyar ganewa ba ne. Kowace jiha ta ware 'yan makarantu na gwaji. Aka tara malamai da masana daga jihohin a Zariya suka zauna rubuta sabbin littattafai da jagorar malami na ƙananan azuzuwa, kan harshe da lissafi da kimiyya da sanin zaman jama'a da ayyukan hannu. Manufa ita ce a rage hadda, yaro ya taɓa abu da hannunsa, ya ƙirga tsakuwa da ƙwallon dabino, ya yi tambaya ba tare da tsoron bulala ba. A wuraren da Hausa ce harshen gari, da ita ake koyarwa a azuzuwan farko, Turanci yana darasi. Inda harsuna suka yi yawa kuwa sai a fara da Turanci. A daidai wannan lokaci, nan kusa da mu a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara nasu gwajin a 1970, na koyar da yara da Yarabanci tun daga aji ɗaya har shida. Watau Kudu da Arewa ciwo ɗaya suke nema wa magani.

MALAMIN DA KE BIN MALAMAI

Amma ba littattafan ne suka fi burge ni ba. Abin da ya bambanta shirin da sauran shi ne wasu ma'aikata da aka kira malamai masu yawo. Kowannensu ƙwararren mai horar da malamai ne, 'yan ƙasa da baƙi, an ba shi rukunin makarantu yana zagaya su. Ba sufeto ba ne, mai karatu. Sufeto yakan zo ne ba zato, ya duba rajista, ya duba ko malami ya rubuta shirin darasi, ya rubuta rahoto ya tafi, malami ya yi ajiyar zuciya. Shi kuwa mai yawo zama yake yi a bayan aji ya ga yadda darasi ya gudana, in ta kama ya karɓi alli ya nuna yadda ake yi, bayan an tashi su zauna da malamin su tattauna, sa'an nan ya sake dawowa ya ga ko abin ya zauna.

Wanda ya taɓa koyon sana'a ya san hikimar wannan. Ba a koyon fawa ko ɗinki ko tuƙin tirela da lacca ta kwana uku a zauren taro. Malamin ƙauye da aka kai birni kos, aka ba shi abinci da kuɗin mota da takardar shaida, idan ya koma ya tarar da yara cike da aji, babu benci babu littafi, kafin mako biyu ya koma koyarwa yadda aka koya masa shi ma yana yaro. Sai in akwai wanda zai biyo shi har cikin ajin.

A nan ne amfanin haɗin kai ya fito fili. Ƙaramar hukumar ilmi guda ba ta iya ɗaukar masanin lissafi na musamman, da marubucin littafin karatu, da mai zanen hotuna, ta kuma biya maɗaba'a. Ko ta iya, littafin da aka buga kaɗan tsada gare shi, wanda aka buga da yawa shi ke araha. Amma idan hukumomi da dama suka haɗa kuɗi da ma'aikata, masani ɗaya ya wadatar da su duka, kuskuren da aka gano a Gusau a gyara shi kafin littafin ya isa Yola. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana, jinkan makaranta kuwa ya fi na ɗaki nauyi.

Daga 'yan makarantun gwaji aka faɗaɗa shirin zuwa ɗaruruwa. Sai dai bai sami sararin yin jijiya ba. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓi jami'ar Zariya. A watan Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya mai da jihohi 19, na Arewa suka zama 10, kowace sabuwar jiha tana ɗokin kafa nata. A watan Satumba na wannan shekara kuma Janar Olusegun Obasanjo ya buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tsammanin yara wajen 2,300,000 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin 3,000,000. Aka shiga neman malamai ko ta halin ƙaƙa, aka yi ta horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don waɗanda ke bakin aiki su ƙaro ilmi daga inda suke. UPE alheri ne babba, da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ta dalilinsa suka san biyu da biyu. Amma a ganina ambaliyarsa ce ta sha kan aikin malamai masu yawo, gama mutumin da ke bin makarantu kaɗan ya san kowane malami da sunansa ba zai iya bin makarantun da suka tsiro a kowace unguwa cikin shekara guda ba.

AN SAKE GANO TSOHUWAR HANYA

Shekaru fiye da 30 bayan haka aka dawo kan wannan dabara da sabon suna. Daga 2008 zuwa 2017 gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyin wani shiri mai suna ESSPIN a jihohi shida, kuma abin sha'awa gare mu mazauna Kudu shi ne jerin jihohin: Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Inugu da Ikko. Ga garin da muka fito, ga garin da muke neman abinci, a cikin shiri ɗaya. Kowace jiha ta kafa ƙungiyar ƙwararru masu horarwa, su kuma suka horar da jami'an tallafa wa makarantu na ƙananan hukumomi, waɗanda aikinsu shi ne ziyartar rukunin makarantu su taimaki hedimasta da malamansa. In ka cire sunan, malami mai yawo ne ya dawo.

Abin da ya sa aka koma ga wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. A 2008 Jihar Kwara ta gwada malamanta fiye da 19,000 da tambayoyi irin na 'yan firamare, waɗanda suka kai matakin da aka sa ba su cika 100 ba. A 2017 Jihar Kaduna ta yi irin wannan gwaji ga malamai wajen 33,000, aka ce 21,780 ba su sami maki 75 cikin 100 ba, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sallame su ta ɗauki sabbi. An yi ta jayayya a kan wannan mataki, ba kuma za mu sake buɗe ta a nan ba. Abin lura kawai shi ne jarrabawa tana nuna ciwo ne, kora kuma tana sauya mutum, amma sabon da aka ɗauka shi ma in an bar shi shi kaɗai a aji ba mai leƙa shi, inda na da ya tsaya nan zai tsaya. Shi kansa ESSPIN bai warkar da ciwon ba; har ya ƙare karatun yara da yawa bai kai inda ake so ba. Kuma yana da raunin da PEIP ke da shi, watau kuɗin baƙi ne ƙashin bayansa. Ran da baƙo ya naɗe tabarmarsa, kuɗin man babur ɗin jami'in da ke zagaya makarantu ne abu na farko da ake sokewa.

Ikko ta ɗauki wani salo nata. Tun 2005 ta tattara makarantunta na sakandare a gundumomin ilmi shida, kowace ta haɗa ƙananan hukumomi uku ko huɗu ƙarƙashin babban jami'i guda. Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye, alal misali, su ne gunduma ta ɗaya. Wannan ya rage nisa tsakanin makaranta da mai yanke shawara, ya kuma sa shugabannin makarantun yanki ɗaya suna haɗuwa. Amma iyakarsa iyakar jiha. Yaron da aka ɗauke daga Agege aka kai Ɗambatta ya fita daga littafin kowa.

To, mu da 'ya'yanmu ke da ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can, mun fi kowa bukatar hukumomin nan su riƙa magana da juna. Kafin su yi, akwai abin da ke hannunmu. Kada a ɗauke yaro a tsakiyar zangon karatu in ba dole ba. In za a ɗauke shi, a karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamakonsa, a haɗa da littattafan da ya yi rubutu a ciki, domin sabon malami ya ga inda ya tsaya maimakon ya yi masa kirdado. Makarantun gwamnati da yawa suna da kwamitin kula da makaranta wanda ake sa iyaye da shugabannin unguwa a ciki, kuma sau da yawa kujerar mutanenmu a wofi take saboda kowa yana kasuwa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari suna iya wakilta mutum guda mai ilmi ya riƙa halarta. In ya je, bayan maganar rufin aji da kuɗin jarrabawa, ya tambayi hedimasta wane ne jami'in da ofishin ilmi ya ɗora wa makarantar, yaushe rabonsa da zuwa, kuma da ya zo ɗin ofis ya tsaya ya sa hannu ko kuwa ya shiga aji ya zauna.