Joseph Flom: Lauyan Da Ya Ɗaukaka Da Aikin Da Manya Suka Raina

A shekarar 1948 wani saurayi mai suna Joseph Flom ya kammala karatun shari'a a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya shiga neman aiki a birnin New York. Manyan ofisoshin lauyoyi ba su yi marhabin da shi ba, domin a zamanin nan ba kasafai sukan ɗauki Bayahude ɗan talakawa ba. Sai ya raɓu da waɗansu lauyoyi uku, Skadden da Arps da Slate, waɗanda suka buɗe ɗan ƙaramin ofishinsu a shekarar.

A lokacin akwai wani aiki da manyan lauyoyi ke ƙyama, watau rigimar mallakar kamfani. Wani attajiri ne zai tashi ya nemi ƙuri'un masu hannun jari don ya tumɓuke daraktoci, ko kuwa ya saye hannayen jarin ko da shugabannin kamfanin ba su so. Manya suna ganin wannan ba aikin masu mutunci ba ne, sai su tura wa Flom. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi shekaru yana gogewa a kotu da wuraren ƙidayar ƙuri'a.

Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1974 kamfanin INCO na Kanada ya saye kamfanin batura na ESB ba da son shugabanninsa ba, Flom yana cikin masu ba wa ɓangaren masu saye shawara. Daga nan irin wannan ciniki ya zama ruwan dare, har kamfanoni suka riƙa biyansa kuɗi kowace shekara don kada wata rana su tarar da shi a gefen abokan hamayya.

A 1985 ofishinsa ya tsaya wa Ronald Perelman a rigimar sayen kamfanin Revlon. Kotun Ƙoli ta Jihar Delaware ta yanke cewa muddin sayar da kamfani ya zama tilas, wajibin daraktoci ne su nemo wa masu hannun jari farashi mafi tsoka, ba su kare kujerunsu ba. Wannan hukunci ya zama garkuwa ga mai ƙaramin jari.

Flom ya rasu a 2011 yana da shekara 87, ofishin nan na mutum huɗu kuwa ya riga ya shiga sahun mafiya girma a duniya.