AGUWA: SHINGEN DA BA A SAYE DA KUƊI

A ƙasar Tagriss, cikin gundumar Dakoro, manomi yana da abokan gaba biyu tun kafin hatsi ya yi tsawon kamu ɗaya. Na farko iska ce. Tana kwaso rairayi ta binne shuka, sai a sake shuka sau biyu ko uku. Na biyu ɓarnar dabbobi ce, wadda takan haɗa manomi da makiyayi faɗa. Akwai wani icce da ke taimako a kan duka biyun. Kowa ya san shi, amma ba kowa ke kula da shi ba. Shi ne aguwa.

YADDA TAKE

Aguwa ƙaramin icce ce mai rassa da yawa. Takan kai mita 2 zuwa 3, wani lokaci ta wuce. Ba ta da ƙaya. Rassanta masu kauri ne da taushi, a ciki take ajiye ruwa. Ganyenta siriri ne, yana taruwa a ƙarshen reshe. Da damina take yin ganye, da rani ta zubar, don kada ruwanta ya ƙare. Shi ya sa fari ba ya kashe ta da sauƙi. In an sare ta, farin ruwa kamar nono yana fita. Masana suna kiranta Euphorbia balsamifera. Danginta ɗaya da rogo da bini-da-zugu. Ana samun ta tun daga Senegal da Muritaniya har Cadi.

AMFANINTA

Bisashe ba su son cin ta saboda nononta. Don haka tun zamanin kakanni ake kewaye gonaki da garake da maƙabartu da ita. Shingen ƙaya kowace shekara sai an sare itatuwa an sabunta shi. Shingen kara kuwa gara ta cinye. Amma aguwa tana da rai, kullum ƙara kauri take yi.

Tana rage ƙarfin iska. Rairayi da busasshen ganye suna taruwa a gindinta, ƙasa ta zauna. Bayan farin 1973 da na 1984 an gane darajarta sosai. A shekarar 1984 aka yi babban taro na ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A wannan shekara kuma aka soma aikin raya karkara na Keita, a jihar Tawa. Aguwa tana cikin itatuwan da aka dasa a ƙasar Adar don tsayar da tuddan rairayi.

YADDA AKE DASA TA

Ba a bukatar iri, ba a bukatar ban ruwa. Reshe ake dasawa.

1. A yanko da bazara, wajen watan Afirilu ko Mayu, kafin ruwa ya sauka.
2. A zaɓi reshe ƙosasshe mai tsawon kamu ɗaya zuwa biyu. Kada a yi wa uwar ƙarƙaf, a bar mata rassa. In ta wani ce, a nemi izini.
3. A ajiye rassan a inuwa kwana kaɗan, har bakin yankan ya bushe. Ɗanyen yanka a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi.
4. A haƙa rami mai zurfin rabin kamu, a sa reshe, a danne ƙasa da ƙafa.
5. A jera su kusa da juna, yadda akuya ba za ta ratsa ba. A fara da gefen gabas, inda iskar hadari ke fitowa.
6. Baɗi a cike gurbin waɗanda suka mutu.

A YI HATTARA

Nonon aguwa yana cutar da ido. Mai sara ya kau da fuska, kada ya shafa ido sai ya wanke hannu da sabulu. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi gidan likita. A hana yara wasa da shi. A riƙa share gindin shinge, don macizai da ɓeraye na son duhu.

SHINGE DA IYAKA

Aguwa tana daɗewa, inda aka dasa ta nan iyaka ta tsaya. Saboda haka kada mutum ya dasa shi kaɗai. Ya kira maƙwabcinsa da mai gari su shaida. Tun 1993 Nijar take da dokar ƙasar karkara, kuma akwai kwamitocin filaye da ke rubuta iyakoki. Kada a ci burtali, kada a toshe hanyar rijiya ko ta tafki. Makiyayi ma yana da hakkin wucewa, kuma taki daga garkensa yake fitowa.

'Yan'uwa manoma da makiyaya, bazara ba ta jira. Wanda ya dasa gefe ɗaya bana, ya ƙara ɗaya baɗi, cikin shekara 4 ya kewaye gonarsa.