Na'urar da ke gane jabun magani, me ya hana ta gane gubar wake?

Duk sanda maganar zuba Sniper a buhunan wake ta taso, sai ka ji wani ya ce, "Ai NAFDAC na da na'urar da take haska magani ta gane jabu, a haska waken mana!" Maganar na da daɗin ji, amma tana sa mu neman abin da ba zai yi mana aiki ba.

Na'urar dai akwai ta, TruScan sunanta, kuma hukumar ta daɗe tana aiki da ita. Tushenta binciken da C.V. Raman ya yi a Indiya a 1928, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1930. Idan haske ya daki sinadari, ɗan kaɗan daga cikinsa kan dawo launinsa ya sauya, kuma kowane sinadari da irin sauyin da yake haifarwa. Matsalar ita ce ƙarancinsa: cikin ƙwayoyin haske kimanin miliyan goma, guda ɗaya ce ke dawowa a sauye. A ƙwayar farasitamol wannan ya wadatar, domin sinadarin ne ya cika ta. Wake fa? Tarayyar Turai, wadda ta hana shigar busasshen waken Najeriya a 2015, ƙa'idarta ita ce kada dichlorvos, gubar da ke cikin Sniper, ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda. Kashi ɗaya ke nan cikin miliyan ɗari. Raɗa ce a tsakiyar kasuwar Dawanau, sai da amsa-kuwwa za a ji ta.

An ci karo da amsa-kuwwar a 1974 a Jami'ar Southampton ta Ingila, lokacin da Martin Fleischmann da abokan aikinsa suka ga alamar sauyin hasken ta yi ƙarfi matuƙa a kan azurfar da aka yi wa kaushi. A 1977 wasu masana suka nuna cewa ƙarfin kan ninka kusan sau miliyan. A yau ƙwayoyin zinare ko azurfa ake haɗawa, masu girman nanomita 20 zuwa 100, alhali kaurin silin gashi ya kai nanomita 80,000. Haske na faɗa musu, sai lantarkin jikinsu ya kama kaɗawa, ƙarfin hasken ya taru a ɗan tsukin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Sinadarin da ya faɗa cikin tsukin nan asirinsa ya tonu. A 1997 har ƙwayar sinadari guda tal aka gano ta wannan hanya.

A aikace, ana shimfiɗa ƙwayoyin kan faifan gilashi ko na takarda, a ɗiga ruwan da aka tatso daga samfurin, a haska da leza. Sai dai azurfa na dusashewa, faifai biyu ba kasafai suke ba da sakamako iri ɗaya ba, kuma ba kowace guba ce ke manne wa ƙarfen ba. Mai ɗauke da farar wuta, kamar thiram, ta fi saurin kamuwa. Shi ya sa har yanzu ake tabbatar da sakamakon a babban ɗakin gwaji.

Abin da ke damuna, a jami'o'inmu akwai masana da ke haɗa ƙwayoyin azurfar nan daga ruwan ganyayyaki, aikin ya ƙare a kundin digiri. Hukumomi kuwa sun fi saurin fitar da sanarwar haramci a kan ɗaukar nauyin gwada irin waɗannan faifai da waken da ake aunawa a kasuwanninmu.